Girgizar Ƙasa Biyu a Shekara Ɗaya: Haiti da Chile

A ranar 12 ga Janairun 2010, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta auka wa Haiti. Makonni shida bayan nan, ranar 27 ga Fabrairu, wata mai maki 8.8 ta jijjiga Chile. Ƙarfin da ta biyun ta saki ya ninka na ta farkon kusan sau 500. Duk da haka, waɗanda suka rasu a Chile ba su kai 600 ba, alhali ƙiyasin mamatan Haiti ya kama daga 100,000 zuwa sama da 300,000.

Dalili na farko yana ƙarƙashin ƙasa. A gaɓar Chile, faifan dutsen da ake kira Nazca yana kutsawa ne ƙarƙashin na Kudancin Amurka, saboda haka girgizar ta taso daga ƙarƙashin teku, a zurfin kimanin kilomita 35. A Haiti kuwa, faifai biyu ne ke gogar juna gefe da gefe, tsagar ta motsa a zurfin kilomita 13 kacal, kimanin kilomita 25 daga Port-au-Prince, birni mai cunkoso.

Dalili na biyu tarihi ne. Girgizar Chillán ta 1939 ta kashe kusan mutum 28,000 a Chile, ta Valdivia kuma a 1960, mai maki 9.5, ita ce mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa. Bayan irin waɗannan masifu hukumomi sun riƙa tsaurara dokokin gini, jama'a kuma suka saba. Har a bakinsu sun bambanta “temblor”, ƙaramin motsin da ba ya hana cin abinci, da “terremoto”, wanda ke rushe gari. A 2010, sojan ruwan ƙasar sun janye gargaɗin tsunami da wuri, amma masunta da dama sun riga sun haye tuddai, domin iyaye sun koya musu cewa idan ƙasa ta hana mutum tsayuwa, to ya nisanci teku.

Port-au-Prince ma ta rushe a 1751 da 1770, har Faransawa masu mulkin mallaka suka wajabta gini da katako. Sai birnin ya shafe shekara 240 ba tare da girgiza mai rushe gari ba. Gobara da guguwa suka zama abin tsoro, mutane suka koma bulo da rufin kankare mai nauyi, ga talauci, ga rashin mai duba gini. Rufin da ya kare su daga iska shi ya danne su.

Yammacin Afirka ya fi kama da Haiti ta wannan fuska. Accra ta sha girgiza mai kisa a 1939, Mpape a Abuja ta motsa a Satumbar 2018. Tazarar da ke tsakanin motsi da motsi a nan tana da tsawo, har magina da masu ba da izinin gini sukan manta da shi.