Hafsoshin Ƙetare da Dogaran Sarki a Ƙasar Gwandu da Argungu

Duk wanda ya bi tarihin aikin 'yan sanda a Nijeriya, abin da zai fara lura da shi shi ne Turawan Ingila ba su cika yarda ɗan gari ya tsare garinsu ba. A 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko, yawancinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, ya ba su bindigogi, ya sa su tsaron mutanen da ba su jin harshensu. Irin waɗannan ne aka kai yaƙin Ashanti a 1873 da 1874, har ma Sarkin Beljiyam ya aiko aka ɗibar masa Hausawa zuwa Kwango. Watau Bahaushe shi aka fara ɗauka aikin ɗan sanda a ƙasar wasu, tun kafin a kawo masa baƙo ya tsare shi a tasa.

Hafsoshin da ke bisa kansu kuwa daga ƙetaren teku ake ɗauko su. Na farkon yawancinsu tsofaffin soja ne. Daga 1907 aka riƙa tura sababbin ɗauka birnin Dablin, a barikin 'yan sandan Ailan, su koyi aiki kafin su shiga jirgi. Ba banza aka zaɓi wannan bariki ba. Ɗan sandan Landan ba ya riƙe bindiga, cikin jama'a yake kwana. Na Ailan kuwa a bariki yake, da bindigarsa, kuma ba a ajiye shi a gundumar da aka haife shi. Wannan shi ne samfurin da Ingila ta ga ya dace da ƙasashen da ta ci da yaƙi. Bayan an rushe rundunar Falasɗinu a 1948, wasu hafsoshinta ma sun sami aiki a Nijeriya.

To, amma samfurin bai zauna daidai a kwarin Rima ba, kuma dalilin yana cikin yadda Turawa suka shigo. A 1902 Sarkin Kabi Sama'ila ya karɓe su a Argungu hannu bibbiyu, domin Kabawa sun shekara fiye da hamsin suna fafatawa da Sakkwato da Gwandu, sun kuwa ga abokan taimako. Sojan da aka ajiye masa suna cikin waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin da ya yi wannan ba a zo masa da 'yan sanda a ce su tsare masa kasuwa. Sha'anin Gwandu dabam ne. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru suka kashe Turawa uku da sojansu fiye da ashirin. Da aka murƙushe garin, sai aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin zuciyarsa tana tare da masu tawaye, aka naɗa Haliru, aka mai da mazaunin sarauta Birnin Kebbi. Darasin da Turawa suka ɗauka daga Satiru shi ne sarakuna ne suka hana wutar yaɗuwa, kuma ta bakinsu labari ke zuwa. 'Yan sandan Gwamnati da Gwamna Lugga ya kafa, baƙi ne a ƙasar, ba su da kunne a ƙauye.

Saboda haka a zamanin Gwamna Girouard, cikin 1907 da 1908, aka janye 'yan sandan Gwamnati daga manyan masarautu, aka bar wa dogarai kamun ɓarawo da tsaron gidan yari da rakiyar masu karɓar haraji da jangali. Ko da aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu ranar 1 ga Afrilu 1930, aka yi ta Nijeriya guda mai hedkwata a Ikko, wannan bai sake kome ba a Birnin Kebbi da Argungu. Can babu jirgin ƙasa, babu ma'adinai, babu sabon gari mai yawan baƙi, waɗannan kuwa su ne wuraren da ake kai ɗan sandan Gwamnati. Baturen da talaka ya sani shi ne Di'o, na bisansa kuma Razdan a Sakkwato.

Akwai kuma maganar harshe, wadda masu tarihi sukan tsallake. An wajabta wa hafsan ƙetare cin jarrabawar Hausa, amma Hausar littattafansa ta fi karkata ga ta Kano. In ya iso yamma sai ya ji ana cewa hwari maimakon fari, ana cewa riga ta maimakon riga ce. Mai shaida ya ce doki na, yana nufin doki ne. Wanda kunnensa bai saba da karin sauti ba sai ya rubuta dokina, ga shi kuwa shari'ar sata ake yi. Wannan a cikin Hausa ke nan. Ƙasar Argungu ta yi iyaka da mulkin Faransa, tun da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 suka yanke Arewa da Zabarma da Dandi gida biyu. Mai bin sawun shanun sata daga Kangiwa ko Kamba yana bukatar Zabarmanci da Fillanci, yana kuma bukatar sanin wane ne ke da dangi a Dosso ko Gaya. Ba a koyar da wannan a Dablin. Baƙo ba shi da abin dogara sai tafinta, tafinta kuwa in ya ga dama ya sayar da magana ga wanda ya fi biya.

Abin da ya ƙetaro teku ya zauna daram shi ne horo da kalmomi. Daga shekarun 1920, farawa da Kano, aka ware wasu dogarai aka sa musu kaki, aka koya musu fareti, aka kira su 'yan doka. Daga baya aka riƙa tura su kwas Kaduna, aka kuma ba En'e-En'e aron hafsoshin Gwamnati su zama mashawarta. Sajan da kofur da sufeto da caji ofis duk sun shigo Hausa. Abin lura shi ne yawancin sunayen muƙamai aro ne, amma sunayen mutanen kansu Hausa ce tsantsa: ɗan sanda da sandarsa aka san shi, ɗan doka kuwa da dokar sarki.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ɗan gida alheri ne zalla. Sanin da ya sa ɗan doka ya iya gano ɓarawo, shi ne ya sa ya san wanda ya halarci taron 'yan hamayya. A shekarun 1950, da siyasar jam'iyyu ta kankama, 'yan NEPU a duk faɗin Arewa sun sha kuka da 'yan doka da kotunan alƙalai, suna cewa kayan aikin NPC ne. Kukan nan yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja, bayan 1966, ta yanke shawarar haɗe 'yan doka cikin rundunar tarayya, aka kuwa zartar a ƙarshen shekarun 1960. A lokacin hafsoshin ƙetare sun kusa ƙarewa: Louis Edet ya zama Sufeto Janar ɗan ƙasa na farko a 1964, Kam Selem na Barno ya gaje shi a 1966.

Sai dai Baturen ne ya tafi, ƙa'idarsa ta sa baƙo tsaron gari ba ta tafi ba, a iya cewa ma sai a lokacin ta iso kwarin Rima sosai. Tun da aka kafa Jihar Kebbi a 1991, daga hedkwatar tarayya ake turo Kwamishinan da ke zaune a Birnin Kebbi, yana kuma iya zama ɗan kowace jiha. Dogarai kuwa suna nan a fadar Gwandu da ta Argungu da jajayen rawunansu, suna gaba in sarki ya fito, amma ikon kama mai laifi ya bar hannunsu.