Ruwan Azurfa: Tarihin Cokalin da Ƙyallinsa Ya Fi Nauyinsa

A gidajenmu akwai kwanukan da ake kira silba, ko da yake babu ɗigon azurfa a jikinsu. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Turanci ta azurfa, aka laƙaba wa duk farin ƙarfe mai sheƙi. Wannan ruɗanin suna yana da tsada. Idan aka zo rabon gado, aka fito da tsofaffin cokula masu nauyi daga adakar kaka, wasu magada kan ɗauka sun tsinci dukiya, wasu kuma su miƙa wa ɗan gwangwan a kuɗin ƙarfe. Dukkansu suna iya yin asara, domin ba su san abin da ke hannunsu ba.

A ƙasar Hausa ta dauri, azurfa ba ta cika kusantar akushi ba. Da hannu ake cin tuwo, da ludayin duma ake shan fura, koshiya kuma ta itace ce. Addini ma ya ƙarfafa hakan, tun da hadisi ya hana ci da sha a kwanon zinariya da na azurfa. Saboda haka maƙeran fari suka karkata ga mundaye, zobba, 'yan kunne da kayan adon doki. Azurfar da suke narkawa kuwa, mafi yawanta tsabar kuɗi ce da ta ratso Sahara, musamman dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wadda ake ta sake bugawa da shekarar 1780 a jikinta. Nauyinta giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri kusan 2,500. Macen da ta sa munduwar azurfa, ajiyarta ce a hannunta: ranar buƙata maƙeri zai ɗora a ma'auni ya biya ta.

A Ingila kuwa wata hanya aka bi. A wajen 1743, wani maƙerin wuƙaƙe a birnin Shafil mai suna Thomas Boulsover ya gano cewa idan aka gasa azurfa da jan ƙarfe tare, suna mannewa su zama kamar ƙarfe guda. Sai aka riƙa ɗora siririn faifan azurfa a kan jan ƙarfe, a murje su, a ƙera kaya masu kama da azurfa a farashi mai rahusa. A 1840 George da Henry Elkington na Bamingam suka yi rajistar wata dabara da ta kashe kasuwar waccan: a tsoma cokali cikin ruwan sinadari mai ɗauke da azurfa, a saki lantarki, azurfar ta bi jikin cokalin ta kwanta. Ba a jima ba Charles Christofle ya sayi haƙƙin dabarar a Faransa. Daga nan malamin makaranta da akawu suka iya shimfiɗa teburi irin na masu sarauta.

Aikin yana da gwaninta. Ana yanko siffar cokali daga faifan ƙarfe, a matse ta cikin maɗabi don ta ɗauki zane, a goge ta har ta yi santsi, domin ruwan azurfa ba ya rufe aibi, fito da shi yake yi. Masana'antu nagari sukan ƙara kauri a bayan cokali, inda yake gugar teburi. Duk da haka, kaurin azurfar bai kai na silin gashi ba. Gangar jikin kuwa haɗi ne na jan ƙarfe, tutiya da nikel.

Irin waɗannan kaya sun shigo Arewa tare da Turawan mulki da na ciniki, musamman bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Sun zauna a gidajen joji da razdan da gidajen saukar baƙi, daga baya suka shiga gidajen sarakuna, manyan ma'aikata da attajirai. Sun tarar da al'adar da ke ɗaukar kayan ɗaki a matsayin jari. Tasoshin tagulla na Bida, sannan langa da kwalla, ana jera su ne don ado da kuma tanadi. Sai dai cokalin ruwan azurfa ya saɓa wa lissafin munduwa: darajarsa tana cikin aikin da aka yi masa, ba ta cikin abin da za a samu idan an narka shi. Bakin ƙarfe mara tsatsa da Harry Brearley ya samar a Shafil a 1913 ya ƙara karya farashinsa, domin shi ba ya yin baƙi, ba ya neman guga.

Mutanen Birnin Gwari, inda ake haƙar zinariya tun zamanin Turawa, sun san ƙa'idar da ta dace a nan. Mai saye ba ya biyan kuɗi don dutse ya yi walƙiya, sai an daka, an wanke, an ɗora a sikeli. Sikelin cokali kuwa yana bayan mariƙinsa, inda aka buga hatimi. Idan ka ga haruffan EPNS ko EP, ko alamar A1, ruwan azurfa ne. Idan ka ga 925, ko ɗan hoton zaki mai tafiya a kayan Ingila, azurfa ce ta gaske, kashi 92.5 cikin ɗari. Lambar 800 ma azurfa ce, mai ɗan ƙarin gauraye. A kayan Faransa da Jamus, waɗanda ake iya cin karo da su a Maraɗi da Damagaram, lamba 84 ko 90 tana nufin giram ɗin azurfar da aka shafa wa cokula 12 da masu yatsu 12 gaba ɗaya, wato ƙasa da giram 4 a kowane guda. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin duka biyun ba sa kama shi. Amma idan bayan cokali ya soma nuna launin rawaya, fatar ce ta cinye.

Wannan ba ya nufin cokalin ruwan azurfa shara ne. Cikakken saiti a akwatinsa, mai hatimin Elkington, Christofle ko Mappin & Webb, yana da masu nema a kasuwar kayan tarihi, kuma ya fi daraja a haɗe. Raba shi cokali-cokali tsakanin magada yana kashe kuɗinsa, haka ma goge shi da toka ko yashi, abin da ke kankare azurfar cikin 'yan shekaru. Ruwan ɗumi, sabulu da ƙyalle mai laushi sun wadatar.

Ga masu tambayar halaccin ci da shi, malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna kwanon da aka yi wa ruwan zinariya ko azurfa, kuma Mukhtasar na Khalil ya kawo ra'ayi biyu a kai, don haka wannan tambaya ce ta malamai. Tambayar kasuwa kuwa tana da amsa guda. Kafin a kai kayan kaka Kasuwar Kurmi ko a kira ɗan gwangwan, a juya kowane cokali a karanta bayansa, a ware masu 925 da 800 a kai wa maƙerin fari ya auna, sauran kuma a bar su a haɗe har a sami wanda ya san sunan maƙerinsu.