Yawon buɗe ido na abincin karkara: Ma'anarsa da halin da yake ciki a yankin Tsafe, Gusau da Bunguɗu

Yawon buɗe ido na abincin karkara shi ne ziyarar da mutum kan kai yankin manoma domin ya ci abincin wurin a inda aka noma shi, ya ga yadda ake sarrafa shi, ya kuma saya daga hannun masu shi. Ana ce masa mai ɗorewa idan kuɗin baƙo ya tsaya a hannun manomi da matan da suka yi girkin, kuma zirga-zirgar ba ta cinye ruwa da itace da ƙasar noman ƙauyen ba.

A Italiya aka fi tsara harkar. A 1985 ƙasar ta yi dokar da ta ba manomi damar saukar da baƙi a gonarsa ya ciyar da su, bisa sharaɗin noma ya ci gaba da zama babbar sana'arsa. A 1986 kuma Carlo Petrini ya fara gwagwarmayar da ta zama ƙungiyar Slow Food, domin kare girkin gargajiya daga mamayar abincin sha-yanzu-magani-yanzu. A can, da ma Afirka ta Kudu inda aka buɗe hanyar ziyarar gonakin inabi ta Stellenbosch a 1971, harkar tana tafiya ne tare da giyar inabi.

Wannan ɓangare ba shi da gurbi a Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, ta kuma haramta sayar da giya. Abin aro a wurin masu inabi shi ne dabararsu ta ɗaura abin sha da sunan ƙasar da ta fito da shi, har mutum ya yi tattaki domin ya sha shi a can. Zoɓo da kunun tsamiya da kunun gyaɗa duk suna iya ɗaukar irin wannan suna. Busasshen zoɓon Arewa ma har Meziko ake kai shi, sai dai a buhu yake fita, babu sunan ƙauyen da ya noma shi.

Yankin Tsafe da Gusau da Bunguɗu ƙasar gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da auduga ce, kuma gyaɗa da auduga na cikin abin da ya raya Gusau bayan isowar jirgin ƙasa daga Zariya. Daga cikin abincin da aka san Zamfarawa da shi akwai hoce, wanda ake gasawa daga garin dawa, a marmasa shi a yi datu da ƙuliƙuli. Akwai kwaɗon zogale da na rama da na tafasa, da daddawar kalwa da man shanu. Wurin kallo ma akwai: Dutsen Kwatarkwashi a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, da 'Yandoto, tsohon garin malamai a Ƙaramar Hukumar Tsafe.

Fura da nono ta fi kowane abinci bayyana yadda yankin ya ginu. Gero na manomi ne, nono na makiyayi, kuma ba a samun ƙwarya ɗaya sai hannu biyun sun haɗu. A da, makiyayi kan sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. Wannan musaya ita ce ainihin abin da masana ke kira noma mai ɗorewa, kuma ita ce rikicin shekarun nan ya fara rusawa.

Misali mafi kusa na abinci da ya jawo baƙi zuwa karkara shi ne bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda ake ƙirga tarihinsa daga 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kundin al'adun duniya a 2016. Shi kansa ya yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin ya dawo a 2020.

A nan ne maganar ke tsayawa a kan 'Yankuzo. Ƙauyen manoma ne a Ƙaramar Hukumar Tsafe, amma sunansa ya fi fitowa a labarai tare da na Ado Aleru, jagoran 'yan bindigar da naɗa shi Sarkin Fulani a Yulin 2022 ya sa gwamnatin jihar ta dakatar da Sarkin 'Yandoton Daji. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. A ƙauyuka da dama manomi kan biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya yi girbi. Duk shirin kai baƙi irin waɗannan gonaki a yau zance ne na takarda, kuma mai kuɗin da aka tallata wa shi ya kamata ya fara tambaya game da hanya.

Abin da ya rage a hannu shi ne a kawo ƙauye cikin gari. Matafiya a hanyar Funtuwa zuwa Gusau sun saba tsayawa su sayi tsire da fura da ƙuliƙuli, kuma ma'aikatan da ke zuwa taro a Gusau kan koma gida da tsaraba. Ɗan kasuwar da ya ɗaure ƙuliƙuli ko daddawa cikin tsafta, ya rubuta sunan ƙauyen da aka yi su, ya biya matan da suka yi farashin da aka amince da shi, ya shiga harkar ke nan. Idan zai kai kayan manyan kantunan Kano ko Abuja, sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.