Komawa motsa jiki bayan karaya ko targaɗe

A nan Sassumbrum da karkarar Magarya da Dungas mun saba ganin rauni daga faɗuwar kabu-kabu, filin ƙwallo ko kokowa. Karayar babban mutum kan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin ta haɗe. Duk tsawon lokacin nan jiki na zaune, ci bai ragu ba, sai teɓa ta shigo, ƙafar da aka ɗaure kuma ta rame. Nauyin nan shi ke ƙara wa gwiwa ciwo, ga hawan jini da ciwon sukari a bayansa.

Yaushe za mu fara? Sai ma'aikacin lafiya ya ce ƙashi ya kama, ko da wurin mai ɗori aka je.

Da me? Tafiyar minti 10 bayan asuba, a ƙasa mai tauri, don rairayi na wahalar da idon sawu. Kowane sati a ƙara kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 a sati.

Abinci fa? Mu rage sukarin shayi da na fura da soye-soye, mu ƙara wake, zogale da rama. Rabin kilo a sati ma ci gaba ne.

Kar zuciya ta karaya in kilo bai motsa ba. Mu riƙa ƙirga mintin da muka taka, mu kuma sami abokin tafiya mai buga mana ƙofa.

In wurin ya kumbura ko ciwo ya tsananta, a dakata, a koma likita.