Daga Shiraz zuwa zaurenmu: tarihin karatun Larabci da Farisanci a jami'a

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, gidaje da yawa a Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan zauna shawarar abin da yaro zai karanta. In ya ce likitanci, sai a sa masa albarka. In ya ce Larabci da al'adun Musulunci, sai wani ya tambaya ko liman yake son zama. In kuwa ya ce zai haɗa da Farisanci, nan hankalin iyaye kan tashi, domin yau da an ambaci Farisa sai a tuna Iran da siyasarta da saɓanin aƙida. Ina roƙon mu duba tarihin wannan karatu tukuna, kafin mu yanke wa yaro hukunci.

Mu fara da littattafan da ke zaurukan malamanmu. Sibawaihi, wanda littafinsa Al-Kitab ya zama tushen nahawun Larabci a ƙarshen ƙarni na 8, Bafarise ne da ya yi karatu a Basra. An haifi Imamu Buhari a Buhara a 810, cikin Uzbekistan ta yanzu. Muslim mutumin Nishapur ne, Ibn Majah na Ƙazwin, Tirmizi na Tirmiz. Imamu Gazali mai Ihya'u ɗan Ɗus ne, ya rasu a 1111, kuma ya rubuta Kimiya-yi Sa'adat da Farisanci domin mutanen ƙasarsa su fahimta. Iran kuwa ba ta zama ƙasar Shi'a a hukumance ba sai daga 1501, lokacin da Shah Isma'il ya kafa daular Safawiyya, ƙarnuka bayan rasuwar waɗannan malamai.

Har a bakinmu akwai sawun wannan tarihi. Firuzabadi, wanda aka haifa a yankin Shiraz a 1329, ya raɗa wa littafinsa na ma'anonin kalmomi suna Al-Ƙamus al-Muhiɗ, wato teku mai kewaye komai. Littafin ya yi suna har kowane littafi irinsa ya koma ƙamus, mu ma muka ara. Kalmar ajami kuma daga Ajam take, sunan da Larabawa ke kiran baƙin harshe, musamman Farisawa. Su ne suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka ƙara huɗu saboda sautukan da Larabci ba ya da su, kamar p da c da g, suka rubuta harshensu. Irin wannan aiki malamanmu suka yi wa Hausa da Fulatanci daga baya, har Nana Asma'u ta samu abin rubuta waƙoƙinta. Kalila wa Dimna ma, da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ciki don Magana Jari Ce, daga tsohon Farisanci Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci.

To, yaya aka yi wannan ilimi ya shiga jami'o'in zamani? Turawa ne suka shigar da shi nasu, don amfanin kansu. A Ingila an kafa kujerar koyar da Larabci a Kambirij a 1632, a Okusfod a 1636. A 1795 Faransa ta buɗe makarantar harsunan Gabas a Paris, wadda ake kira INALCO yau, da Larabci da Farisanci da Turkanci, domin ta samu tafintoci da jakadu da ƴan kasuwa. Ingilishi sun koyi Farisanci domin shi ne harshen kotu da mulki a Indiya har zuwa 1837. A wajensu harsunan nan kayan aiki ne, ana cin abinci da su, ana mulki da su.

A Nijar, makarantar franko-arab ta farko ta gwamnati an buɗe ta a Sayi a 1957. A taron ƙasashen Musulmi na Lahore a 1974 aka amince a gina jami'ar Musulunci a ƙasarmu, ta fara aiki a Sayi a 1986. Fargabar iyaye tana da tushe a nan: ɗalibai da yawa da suka dawo daga Alƙahira ko Madina da Larabci zalla sun sha wuya wajen samun aikin gwamnati, saboda da Faransanci ofis ke aiki. Rashin Faransanci ne ya tsare musu ƙofa.

Ga abin da ya fi damuna. A cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da yawansu Boubou Hama ne ya sa aka tattaro. Tarihin garuruwanmu da fatawoyin malamanmu suna ciki. In ba mu horar da masu karanta su ba, baƙi za su ci gaba da zuwa su karanta, mu sayi tarihinmu a fassare.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya zo da wannan buri, ku tambaye shi abin da ke cikin lisans ɗin: akwai tarihi, adabi da fassara, ko haddar matani kaɗai? Ku sa masa sharaɗin kada ya saki Faransanci. In ya samu inda ake koyar da Farisanci, ya ƙara, hanyar fassara da aikin jakadanci da bincike za ta faɗaɗa masa. Malamai kuma, duk sa'ad da kuka buɗe Buhari ko ƙamus a gaban ɗalibai, ku nuna musu Buhara da Shiraz a taswira.