Baƙuncin Ɗan Karkarar Kano a Jami'a

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta, ko wadda ta ratsa Dawanau zuwa Bichi, ya kuwa lura da yadda gona ke manne da gona, gida na hangen gida, babu saura balle daji, sai ɗorawa da kuka da gawo waɗanda aka bari da gangan a tsakiyar shuka, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa mutanen wannan ƙasa sun daɗe da sanin hanyar fita. Gonar da aka raba bisa ga hukuncin gado sau uku ko huɗu ba ta riƙe gida shekara guda, ko da kuwa jakuna sun yi ta shiga birni da itace suna komowa da mangaloli cike da taki. Saboda haka ci-rani da fatauci da almajirci suka zama musu al'ada tun kaka da kakanni.

Almajircin nan shi ne ya kamata a fara dubawa, domin shi ne baƙuncin neman ilmi na farko. In an kai amfanin gona rumbu, malami yakan kwashi yaran da aka danƙa masa amana ya yi gabas da su, wajen Haɗeja ko Nguru ko Barno, manya kuma masu neman fikihu da nahawu su shiga birni su durƙusa a zaurukan Madabo. Wahala kam akwai ta, ta yunwa da ta sanyi, amma yaro bai tafi shi kaɗai ba, bai kuma rasa matsayi ba: malam ubansa ne, mai masauki ya ba da zaure, wata dattijuwa a unguwa ta zama uwar ɗakinsa mai ajiye masa ɗumame, kolo ya san bayan titibiri yake, titibiri ya san bayan gardi yake. Sa'an nan karatun kansa yana bin damina, watau da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas sai a rataye alluna a nufi gida.

Boko kuwa ta ƙofar sarauta ya shigo. Tun daga makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, hakimai irin Sarkin Bai a Ɗambatta da Madaki a Dawakin Tofa ake umarta su kawo yara, su kuma su umarci dagatai, talakawa kuwa, waɗanda suka ɗauki abin tamkar wani haraji, su yi ta ɓoye 'ya'yansu. Ke nan lokacin da aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960 a cikin Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda asalinta makarantar shari'a ce ta 1934, aka mai da sunanta Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962 ƙarƙashin jami'ar Zariya, ta ɗauki ɗalibanta 10 na farko masu neman digiri a 1964, ta koma wajen Kabuga a 1968, har ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, ɗan manomin da ya isa ƙofarta ya kasance ɗaya ne tilo a ƙauyensu, wani lokaci ma a ƙasar dagacinsu baki ɗaya.

A ɗauka ga shi nan ya sauka daga mota da adakar ƙarfe a ka, cikinta ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu da Inna ta ƙulle masa a tsumma, buta ɗaure a hannun adakar. An ba shi gado da katifa, an ba shi tikitin abinci sau uku a yini, alherin da almajiri bai taɓa mafarki ba; amma ba wanda ya ce masa ga uwar ɗakinka, ga wanda za ka gaida da asuba. Ya shiga ofishin malami ya tuɓe takalma ya tsuguna, malamin kuwa, wanda wataƙila Bature ne ko Ba'indiye, ya rasa abin da ake nufi. A ɗakin cin abinci ya tsaya yana satar kallon yadda ake riƙe cokali mai yatsu. Turancinsa na takarda ingantacce ne, amma in ya buɗe baki 'yan birni da suka fito daga manyan makarantu su ƙyafci juna, kalmar baƙauye kuwa ba sai an furta ta ba ake jin ta. A ganina wannan kaɗaici ya fi ƙarancin guzuri cin rai, domin mutumin da ya tashi inda kowa ya san kakansa, ranar da ya wayi gari ana kiransa da lamba, lalle sai ya ji ƙasa ta yi masa nisa ko da daga Minjibir ya zo.

Ɗaliban ba su zauna jiran tsammani ba, sai suka sake gina zauren da suka baro da abin da suka tarar. Masallaci ne ya fara tara su, inda sahu ba ya tambayar ɗan wane ne kai, inda kuma wanda ya sauke Alƙur'ani a tsangaya ya sami fagen da ya fi ɗan birni. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954, ta yi ƙarfi a Zariya da Kano da irin waɗannan samari. Daga baya ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suka bayyana, na gaba ya karɓi na baya ya shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa, ya nuna masa inda ake bin takardun tallafin karatu na jiha. Da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, aka kuma buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, sai 'yan karkara suka fara zuwa ayari-ayari, sun riga sun san juna tun a ɗakin kwana. 'Yan mata kuwa sun daɗe ba su shiga wannan ayari ba, nasu labarin daban ne.

Walwalar ba ta daɗe ba. A 1978 ƙarin kobo 50 a kuɗin abinci na yini ya ta da tarzomar da aka nemi tuɓe Kanar Ahmadu Ali daga kujerar ilmi, aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. A 1984 kuma gwamnati ta janye hannunta daga ciyar da ɗalibai. Tun daga nan rumbun gida ya koma riƙe ɗalibi, ana aiko da tiyar wake da garin dawa a motar kasuwa, ɗakin kwana ya cika da risho da tukwane, 'yan gari ɗaya suna cin kwano ɗaya kamar dai almajiran da.

Akwai kuma wata muwafaka da ba a cika ambato ba. Tsarin zangon karatu da aka gada daga Ingila, wanda ke farawa a Oktoba ya ƙare a Yuni, ya sa dogon hutu ya faɗo daidai tsakiyar damina, har ɗalibi kan iske maimai da huɗa, ya kama fartanya da hannun da ya yi laushi, ƙannensa na dariyar bororon da ya fito masa, tsofaffi na kiransa Malam rabi girmamawa rabi zolaya, ya kuma ga an karya gero kafin ya koma. Yajin aikin malamai, wanda ya yi ta maimaituwa tun daga 1988, ya wargaza wannan lissafi, har ya zama uba ba ya iya sanin ko ɗansa zai zo shuka ko sai an yi rani. Na 2022, wanda ya ɗauki wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya maido da su gida tun kafin sharar gona, suka yi shuka, suka yi noma, sai da aka ɗaure dammunan gero sa'an nan aka kira su su koma aji.