Daga Tikitin Kafe Zuwa Gigabait: Tarihin Sayen Intanet a Najeriya

Intanet ta fara zama hajar sayarwa a Najeriya a tsakiyar shekarun 1990. A 1996 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ba kamfanoni 38 lasisin sayar da ita, a farkon 1997 kuma kamfanin Linkserve ya buɗe aiki a Legas. Hanyar shigarta gida a lokacin ɗaya ce tak, ita ce wayar tarho ta NITEL. Sai an jona kwamfuta da layin tarho ta na'urar modem, ta buga lamba, ta yi ta tsuwa, kafin a samu shiga. Iyakar saurinta kilobit 56 a daƙiƙa, ma'ana waƙa ɗaya mai megabait 5 sai ta ci kusan minti 12 kafin ta sauka, in layin bai katse ba. Muddin ana kan intanet kuma, duk wanda ya bugo tarhon gidan ba zai samu ba.

Ko wannan ma ba kowa ke da shi ba. Kafin 2001 layukan tarhon da ke aiki a faɗin ƙasar ba su wuce 400,000 da 'yan kai ba, ga jama'a fiye da miliyan 120, kuma yawancinsu a ofisoshin gwamnati suke da kamfanoni da gidajen manyan ma'aikata. Wannan ƙaranci shi ya tsara duk abin da ya biyo baya. A Turai da Amurka intanet mai sauri ta bi wayar tarho da wayar talabijin da dama suna shimfiɗe a gidaje, sai ya zamana mai gida sauri yake saya, ya biya kuɗin wata, ya yi amfani iya son ransa. A Najeriya babu wayar da za ta bi. Dole ta biyo iska, kuma abin da ke bin iska da awo ake sayar da shi.

Awo na farko lokaci ne. A farkon shekarun 2000 shagunan intanet da ake kira kafe suka bazu a Kano da Kaduna da Zariya da Jos da sauran birane, musamman kusa da jami'o'i. Mai kafe yakan kafa babban faranti a kan rufi ko a bayan shago, ya jawo intanet daga tauraron ɗan'adam da tsada, ya raba ta ga kwamfutoci goma ko ashirin. Mai shigowa zai sayi tikiti na rabin awa ko awa ɗaya, a wurare da dama naira 100 a awa, ya shigar da lambar tikitin, agogo ya fara ƙirga masa a gefen allo. Shafi ɗaya na iya cin minti biyu yana buɗewa, agogo kuwa ba ya jira. Da dare, idan cunkoso ya ragu, akan yi farashi guda na kwana: a rufe ƙofa, janareta na ruri a waje, sai asuba a buɗe. Ɗalibai masu rajistar JAMB da duba sakamakon WAEC, da masu cike cacar bizar Amurka, da masu aika saƙon imel ga 'yan uwa a ƙetare, su ne suka riƙe wannan sana'a.

Wayar salula ce ta sauya al'amarin. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a shekarar. Layi kaɗai ya haura naira 20,000, kira kuma naira 50 a minti, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa. A 2007 aka sayar da lasisin 3G a kan dala miliyan 150 kowanne, daga nan modem ɗin nan mai kama da filash da ake maƙalawa a jikin kwamfuta ya fara shiga ɗakuna. Kamfanonin CDMA irin su Starcomms da Multi-Links da Visafone sun ɗan ci kasuwar intanet ta gida kafin manyan su danne su. A wannan tsakanin awo biyu, na lokaci da na yawan data, suka zauna tare: akwai tsarin awanni, akwai na rana, akwai na dare mai rahusa, akwai kuma na megabait. Wajen 2011 gigabait 5 na wata a MTN naira 8,000 ne, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 18,000.

Dalilin auna data ba son kuɗi kaɗai ba ne. Ƙarfen sabis ɗaya ƙarfinsa yana da iyaka, kuma duk wayoyin da ke unguwar shi suke rabawa. In mutum ɗaya ya yini yana sauke fina-finai, maƙwabtansa ne za su ji a jikinsu. Shi ya sa sabis kan yi nauyi bayan isha'i ya kuma sake bayan sha biyun dare. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne wa'adi. Wanda ya auni hatsi a kasuwa ba a biyo shi gida bayan kwana talatin a kwashe ragowar, amma shekara da shekaru haka ake yi wa mai sayen data. Sai a 2018 NCC ta tilasta wa kamfanoni su riƙa ɗora ragowar a kan sabuwar da aka saya cikin kwana 14, ta kuma hana sabunta wa mutum tsari a cire masa kuɗi ba da yardarsa ba.

Can bakin teku ma ana wani sauyin. Daga 2002 zuwa 2010 igiyar ƙarƙashin teku ɗaya ce ke haɗa Najeriya da duniya, SAT-3, kuma NITEL ke riƙe da bakinta. Da reshenta na ƙasar Benin ya lalace a watan Yulin 2009, intanet ta durƙushe a Najeriya da Togo da Benin da Nijar, wadda ta Benin take jawo tata. A 2010 igiyar MainOne ta Funke Opeke, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal, ta fara aiki, Glo-1 ta biyo baya a shekarar, WACS ta zo a 2012. Farashin sari ya faɗi warwas, amma a Legas. Duk igiyoyin can suka sauka, tsakaninsu da Kano kuwa tafiyar kilomita kusan 1,000 ce, Maiduguri ta fi haka nesa ba kusa ba. Masu harkar sun sha kokawa cewa ɗauko data daga Landan zuwa Legas ya fi musu arha a kan kai ta Abuja daga Legas. Ga shi a lokacin kowace jiha tana karɓar kuɗin haƙa a kan kowace mita ta wayar fayiba da za a binne. A 2013 aka amince a tsaya a naira 145, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Kaduna ta yafe nata ɗungurungum. Wayar da aka binne ma ba ta tsira ba, domin masu aikin hanya kullum cikin tsinka ta suke.

Mafi yawan Hausawa ba ta kwamfuta suka san intanet ba, ta 'yar Nokia ce mai Opera Mini, manhajar da ke matse shafi don ya ci data kaɗan, sai 2go da Facebook, sai BlackBerry ga masu hali, kafin Tecno da Itel su sa wayar Android a hannun talaka. A watan Oktoban 2015 NCC ta cire ƙa'idar mafi ƙarancin farashin data, kamfanoni suka shiga rige-rigen rage kuɗi, har gigabait ɗaya da rabi ya dawo naira 1,000. Da hukumar ta so maido da ƙa'idar a kan kwabo 90 kowane megabait daga 1 ga Disamban 2016, jama'a da Majalisar Dattawa suka yi ca, aka janye tun kafin ranar.

Tsadar data ta haifar da sana'o'in kanta. Akwai masu turi, waɗanda a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da tashoshin mota da kasuwannin ƙauye za a gan su da kwamfuta a kan tebur, an jera wayoyi da memori ana jiran layi. Shi mai turi da dare yake sauke kayansa da tsarin dare mai rahusa, da safe ya tura wa mutum ɗari: fassarar fim ɗin Indiya, wa'azi, karatun Alƙur'ani, sabuwar waƙa. Wanda aka tura wa kuma ya raba wa abokansa ta Xender ba tare da an taɓa data ba. Masu shirya fina-finan Kannywood sun daɗe suna kuka da su kafin da yawansu su koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube. Akwai kuma masu sayar da data, galibi ɗalibai da matan aure, da ke sayen tsarin sari na ƙananan kamfanoni su yanka shi giga-giga ta WhatsApp a ƙasa da farashin kamfani, wani lokaci har bashi.

Intanet ta gida a ma'anarta ta asali, wadda iyali duka za su hau, ta dawo ne da rauta. Smile da Spectranet suka fara da 4G a 2013 a biranen kudu, MTN da Glo suka shigo a 2016, a 2022 kuma MTN ya buɗe 5G a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri. Tare da rauta aka fara tallan tsari marar iyaka, wanda mafi yawansa yana da iyaka a ɓoye: in aka cinye wani adadi sai a shaƙe saurin har wata ya ƙare. Fayiba zuwa cikin gida har yanzu ta tsirarun unguwanni ce a Legas da Abuja da wasu manyan birane. A alƙaluman NCC, masu saye daga kamfanonin intanet zalla ba su kai rabin miliyan ba, alhali layukan waya masu hawa intanet sun haura miliyan 130. Starlink, wanda ya fara aikinsa na Afirka a Najeriya a watan Janairun 2023, ya dawo da faranti da tauraron ɗan'adam, wannan karon ɗan ƙarami mai sauri. Da ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 a watan Oktoban 2024, NCC ta ce ba da izininta ba.

Shirin gwamnati na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin minista Isa Ali Pantami, ya yi burin megabit 25 a daƙiƙa a birni, 10 a karkara, gigabait ɗaya a naira 390, da kai intanet mai sauri ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a. A ƙarshen 2024 ana wajen kashi 44. Faɗuwar naira daga 2023 da tsadar dizal, wanda da shi yawancin ƙarafan sabis ke aiki, sun sa kamfanoni neman ninka farashi. A watan Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50, na farko tun 2013. A watan da ya biyo baya MTN ya ɗaga tsarinsa na mako mai gigabait 15 daga naira 2,000 zuwa 6,000, aka yi masa rubdugu har ya fito ya ba da haƙuri.